Wasan kasada a tabarau na VR: kowa da kiwon da ya karɓe shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, muna roƙon fili a jaridarmu mai farin jini don mu yi magana a kan wata asarar kuɗi da ta fara yawa a tsakanin samarin Bauchi, musamman ɗaliban da ke Yelwa da Gubi da masu gidajen gem. Tabarau ɗin nan da ake ɗaurawa a fuska mutum ya tsinci kansa tsundum a cikin duniyar da kwamfuta ta zana, wanda aka fi sani da VR, ya shigo gari. Saurayi zai yi wata da watanni yana tari, ko yayansa ya aiko masa daga waje, a sa masa wasan da aka ce ya fi kowanne, ya buga minti ashirin, kansa ya ɗau juyawa, ya tuɓe. Bayan sati uku na'urar tana kan wadrob tana shan ƙura, mai ita kuma yana faɗa wa kowa cewa abin yaudara ne. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Wasan da aka sa masa ne bai karɓe shi ba, don tun farko babu wanda ya tambaye shi abin da yake nema.

A dubi mota guda ta ɗalibai da ta tashi zuwa Yankari. Wani giwa ce ta kai shi, zai yini a bayan motar zagaye yana raba ido cikin daji, bai damu da yunwa ba. Wani tunda aka tashi zancensa ruwan Wikki, yana shiga ba ya fita sai yatsunsa sun yamutse. Wani kogunan dutse na Marshall yake so, yana damun ɗan rakiya da tambayar su wa suka haƙa su, da me suka haƙa. Na huɗu ko an tsaya a bakin ƙofa an juyo bai yi asara ba, tunda an yi hira a hanya an ɗauki hoto. Wuri ɗaya, kuɗin mota ɗaya, amma in ka tilasta wa mai son Wikki ya yini neman giwa zai dawo ya ce Yankari ba komai. Wasannin da ake kira na kasada haka suke. Suna ɗaya ne ya tara su, amma a ciki akwai na warware ƙulli, akwai na labari, akwai na yawon gano wuri, akwai na tsoro da faɗa, akwai na taron jama'a.

Masana wasannin kwamfuta sun daɗe da lura da wannan. A 1996 Richard Bartle, ɗan Ingila, ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu son nasara da tara maki, masu leƙe-leƙe, masu son jama'a, da masu son kayar da wani. Daga baya Nick Yee da Nicolas Ducheneaut, waɗanda suka kafa kamfanin Quantic Foundry a 2015, suka faɗaɗa abin zuwa dalilai 12 da suka jera bibbiyu: ɓarna da zumuɗi, gasa da zumunci, ƙalubale da dabara, kammalawa da ƙarfi, son zama wani da son labari, sai ƙira da bincike. Suna da 'yan tambayoyi kyauta a shafinsu na intanet, da Turanci, waɗanda ake amsawa cikin 'yan mintoci. Wani abin da bincikensu ya nuna shi ne son gasa ne ya fi saurin raguwa yayin da mutum ke ƙara shekaru. Saboda haka kada magidanci ya ɗauki shawarar ƙanensa ɗan shekara 17 ido rufe.

Ko babu intanet mutum zai iya auna kansa da takarda da biro. Ya rubuta wasanni biyar da ya fi daɗewa a kansu, na waya ne, na PlayStation ne, ko ma dara da ludo. A gaban kowanne ya rubuta abin da yake yi a daidai lokacin da ya manta da agogo, sannan ya rubuta abin da ya sa ya daina. Amsa ta biyu ta fi ta farko faɗin gaskiya. Wanda a wasan GTA yake watsar da aikin da aka ba shi ya ɗauki mota ya nufi ƙarshen taswira don ya ga abin da ke can, mai leƙe-leƙe ne. Wanda yake danna maɓalli ya tsallake duk inda aka tsaya ana magana, kada ya yaudari kansa da cewa labari yake so. Wanda bai taɓa buga ƙwallo shi kaɗai a ɗaki ba, sai a gidan gem inda ake ihu ana tsokana, jama'a yake bi, ƙwallon hanya ce kawai. Wanda kuma tun yana yaro yake kwance rediyon babansa don ya ga cikinta, ga nasa nan tafe.

Da shi za mu fara, don rabonsa ya fi na kowa kyau a wannan fage, kuma wasanninsa ne suka fi sauƙi ga sabon shiga. The Room VR: A Dark Matter, na kamfanin Fireproof Games da ya fito a 2020, yana kai ka Landan ta 1908 a matsayin ɗan sanda mai binciken ɓatan wani masanin tarihin Masar. Aikin duka na hannu ne: juya makulli, zaro aljihun tebur, haɗa gutsattsarin ƙarfe, leƙa cikin akwati da wani madubi na musamman. Ba a tafiya, daga wannan matsaya ake ɗauke ka a ajiye a waccan, babu mai bin ka, ba a mutuwa. Awa huɗu zuwa biyar ya ƙare. Akwai ƙamshin tsafi a labarin, wanda ba ya son haka ya sani. I Expect You To Die na Schell Games, na 2016, a zaune ake buga shi daga farko har ƙarshe. Kai ɗan leƙen asiri ne, aikin farko kana cikin mota, motar kuma tana cikin jirgin sama, dole ka fitar da ita kafin tarkunan da aka ɗana su gama da kai. Za ka mutu sau biyar, sau goma, kowace mutuwa tana koya maka abu ɗaya. Mai saurin fushi in an ce ya sake daga farko, wannan ba nasa ba ne, ko da yana son dabara. Red Matter, na wani ƙaramin kamfanin Sifaniya mai suna Vertical Robot, yana ajiye ka a wani sansani da aka watse aka bari a Rhea, ɗaya daga cikin watannin duniyar Zuhal, da wata na'ura a hannu mai fassara rubutun bango. Wanda karatun Turanci ke gajiyar da shi zai rasa rabin daɗin. Na biyunsa, na 2022, yana cikin waɗanda suka fi kyawun zane a Quest, wato tabarau na kamfanin Meta, amma an ƙara masa harbi da tsalle-tsalle, wato ya ɗan kauce daga abin da mai son ƙulli zalla yake nema. Myst kuwa, wanda asalinsa na 1993 ne aka sake gina shi don tabarau a 2020, ba ya gaya maka komai: ga tsibiri, ga injuna, ka san yadda za ka yi. Sai mai haƙuri sosai, kuma zai riƙa ɗaga tabarau yana rubuta lambobi a takarda.

Mai son labari, irin wanda ba ya barin wasan kwaikwayon rediyo ya wuce shi, ya fara da Moss na kamfanin Polyarc, na 2018. Kana zaune kana kallon wata ƙaramar duniya kamar an buɗe maka littafin tatsuniya, kana tuƙa wata 'yar ɓera mai suna Quill da rimot, kana kuma miƙa hannu ka ture mata dutse ko ka riƙe mata abokin gaba. Tana ɗago kai ta dube ka, in ka rasa hanya ta yi maka nuni da hannu. Da yake ba kai ne ke tafiya ba, ba ya sa jiri. Kimanin awa huɗu ne, na biyu ya biyo baya a 2022. A ganinmu duk gidan da ke da tabarau ya kamata wannan ya zama farkon abin da za a sa wa baƙo.

Half-Life: Alyx na kamfanin Valve, wanda ya fito a Maris 2020, shi ne wanda kowa ke ambata, kuma ya cancanci yabon. Sai dai shi ne kan gaba wajen ja wa samarinmu asara, don ba ya aiki a tabarau shi kaɗai. Yana buƙatar kwamfuta mai aƙalla GB 12 na RAM da katin hoto irin GTX 1060 mai GB 6, yana kuma cin wuri sama da GB 60. Laftof ɗin ofis ko na rubuta furojet, wanda ba shi da katin hoto na daban, ba zai ɗauke shi ba, ko da an sayi waya mai tsada an jona. Sannan a tsakiyarsa akwai wurare masu duhu da halittu masu tsalle su kama fuska. Wanda labari ya kawo shi amma ba ya jure firgici zai maƙale a nan. Irin wannan tarkon akwai shi a Batman: Arkham Shadow na 2024: a Quest 3 da Quest 3S kaɗai yake aiki, mai Quest 2 ko ya ga tallarsa ba zai iya sa shi ba.

Masu leƙe-leƙe iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su. Akwai mai son ganin duniyar Allah ta gaskiya. Shi National Geographic Explore VR zai yi masa, ya tuƙa kwalekwale tsakanin ƙanƙarar Antatika, ya zaga kangon Machu Picchu na ƙasar Peru yana ɗaukar hoto. Akwai kuma Wander, wanda ke ɗora ka a kan hotunan titi na Google ka tsaya a duk garin da aka ɗauka, sai dai ba ya motsi sai da intanet, kuma yana shan data. Na biyun shi ne mai son ƙirƙirarriyar duniya wadda ba ta da iyaka. No Man's Sky, wanda aka sa wa tsarin VR a 2019, da Skyrim VR, wanda ya fito a PlayStation a 2017 ya zo kwamfuta a 2018, su ne nasa, amma dukansu sai da kwamfuta mai ƙarfi ko PlayStation. A Quest shi kaɗai babban abin da ke akwai shi ne Asgard's Wrath 2 na Disamba 2023, wanda masu shi suka ce labarinsa ya kai awa 60. A yi lissafi tukuna: batirin Quest kimanin awa biyu yake yi, wato caji wajen talatin ke nan kafin a ga ƙarshensa, ga kuma sama da GB 30 da za a sauke. Ya dace da mutumin da ba ya iya barci in ya bar akwati ɗaya bai buɗe ba. Wanda sai ranar Asabar yake samun awa ɗaya zai manta inda ya tsaya. Kuma a faɗi gaskiya, wasan a kan gumakan mutanen Masar na dā da na arewacin Turai aka gina shi, ɗan wasa ma matsayin ɗaya daga cikinsu yake ɗauka. Da yawa daga masu karatunku ba za su so haka a gidansu ba, gara su sani kafin su biya dala 60.

Masu son hawa, irin samarin da ke zuwa Dutsen Zaranda ko duwatsun Dass ranar hutu, suna da The Climb 2 a Quest da Horizon Call of the Mountain a PlayStation VR2, wato tabarau na PlayStation. Hannu a sama ake yini, kafaɗa za ta faɗa maka washegari. Assassin's Creed Nexus VR na 2023 yana sa ka gudu a kan rufin gidaje, kuma yana da saiti na musamman don mai tsoron bisa, wanda ke zana masa alamar inda ƙasan ɗakinsa take.

Sai masu neman bugun zuciya. Resident Evil 4 na tabarau ya fito a 2021, The Walking Dead: Saints & Sinners kuma a 2020. Na biyun ya fi zurfi: kana yawo a birnin New Orleans da ruwa ya ci, kana tsintar tarkace ka ƙera makami, makamin yana lalacewa da amfani, kana gajiya in ka yi gudu, in ka yi jinkiri kuma ƙararrawa ta kaɗa gari ya cika da matattu masu tafiya. Gargaɗinmu a nan shi ne jure fim ɗin tsoro a talabijin ba ya nuna za ka jure wannan. A talabijin kana iya kau da kai ka ga bangon ɗakinku. A tabarau in ka juya, abin yana bayanka. Duka biyun na manya ne, jini ya yi yawa, kada a sa wa yara ko da sun yi naci.

Rukunin da aka fi zalunta a garin nan shi ne na masu son jama'a, kuma muna zaton su ne suka fi yawa. Tabarau abu ne mai ware mutum: ɗaya yana ciki yana ta sara da duka a iska, shida suna zaune suna kallonsa kamar mai bori, kowa yana jiran layi. Akwai wasannin da aka yi don maganin haka da tabarau guda ɗaya tak. A Keep Talking and Nobody Explodes, mai tabarau yana ganin bam mai wayoyi da maɓallai amma ba shi da umarnin kwance shi, sauran kuma suna riƙe da littafin umarni amma ba sa ganin bam ɗin. Littafin kyauta ne a intanet, shafi ashirin da 'yan kai, a kai shagon kwamfuta a buga a ajiye. Daga nan sai magana: wayoyi nawa ne, wace kala ce ta ƙarshe, yanke ta uku, agogo yana tafiya. Umarnin da Turanci yake, amma gardamar da Hausa za a yi ta. A Acron: Attack of the Squirrels, mai tabarau bishiya ne mai gadin 'ya'yansa, har mutum takwas kuma su shiga da wayoyinsu a matsayin kurege masu sata, manhajar waya kyauta ce. In kuwa abokai suna da tabarau kowa da nasa, Demeo na 2021 ya fi dacewa da irin intanet ɗinmu. Mutum huɗu ne a kewaye da tebur suna tura 'yan gunki cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa, bi da bi kamar ludo, don haka in sabis ya ɗan ja ƙafa ba a kashe ka kafin hoto ya dawo. Wasannin harbi na haɗin gwiwa ba su da wannan rangwamen.

To, ko an dace da abin da zuciya ke so, saura ciki, shi ma yana da ƙuri'a. Jirin da tabarau ke sawa daga saɓani yake zuwa: ido yana cewa ana tafiya, ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne yana cewa a tsaye ake. Wanda mota ke sa wa amai a hanyar Jos ya yi hattara fiye da kowa, ko da yake wani ba ya jin komai a mota amma tabarau ya kayar da shi. Kantin Meta yana sa wa kowane wasa ɗaya daga alamomi uku, Comfortable, Moderate ko Intense, sabon shiga ya tsaya a ta farko sati ɗaya ko biyu. A cikin saitin wasa a nemi abubuwa uku. Na farko tafiyar layar zana, wadda ake rubutawa Teleport: ka nuna wuri, ka ɓace, ka bayyana a can, maimakon ka riƙa zamewa kamar an ɗora ka a baro. Na biyu juyi mai tsalle, wato Snap turn, a digiri 30 ko 45, ko ma ka juya da jikinka gaba ɗaya. Na uku duhun gefe, wato Vignette, mai rage faɗin abin da ido ke gani lokacin motsi. Alyx da Resident Evil 4 suna da layar zana. Saints & Sinners ba shi da ita, shi ya sa bai kamata ya zama wasan farko ga kowa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dauriya. Da zarar an ji zufa mai sanyi a goshi, ko yawu ya taru a baki, ko hamma ta yi yawa, a cire nan take. Wanda ya daure zai yini da ciwon kai, kuma jikinsa zai haɗa tabarau da tashin zuciya har ya kai ko warin robar ya ji sai ransa ya ɓaci. A fara da minti goma, a ƙara kaɗan-kaɗan kowace rana. Fanka ta tsaye tana hura fuska tana taimakawa ƙwarai. Kamfanin Meta da kansa yana ba da shawarar a riƙa hutawa akai-akai, kuma sa ƙararrawar waya yana da wani amfanin, don mai tabarau a fuska da sauti a kunne kiran salla yana wuce shi bai sani ba. Wani ciwon kan kuma ba jiri ba ne, tazarar madubai ce ba ta dace da tazarar idanu ba. Quest 2 da Quest 3S suna da matsaya uku, milimita 58, 63 da 68, ana tura madubin da yatsa. Quest 3 yana da ɗan gare a ƙasa da ake murzawa. A rufe ido ɗaya a duba rubutu, a sake da ɗayan, har sai duka biyun sun fito tas.

Ɗaki ma yana zaɓar wasa. Na tsaye mai sara da kaucewa yana son fili mita 2 a kan mita 2 babu komai a ciki, abin da ɗakin ɗalibi mai katifa da risho da bokiti ba shi da shi. Mai irin wannan ɗakin ya tsaya a wasannin zaune, Moss da I Expect You To Die da Demeo, mita ɗaya ta ishe su. A kashe fankar sama kafin a fara duk wasan da ake ɗaga hannu, don yatsa da rimot duka ba su da arha. Tabarau da 'yan kyamarorin jikinsa yake gane inda yake, shi ya sa in an ɗauke wuta da dare hoto yake tsayawa cak ko ya karkace. Fitilar caji guda a kusurwa, tana haska bango, ta wadatar. Babban madubi a ɗaki yana rikita shi, a rufe da zane. Rana kuwa ita ce ajalinsa: madubin ciki yana tara haskenta kamar gilashin da yara ke ƙona takarda da shi, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ya ƙone allon, ya bar tabo na har abada. Kada a fita da shi tsakar gida, kada a ajiye shi kusa da taga madubi yana kallon waje. A zafin Maris da Afrilu na'urar tana ɗaukar zafi har ta nemi a kashe ta, gara a buga bayan isha'i ko da sassafe, kuma a guji buga wasa mai nauyi tana jone da caja. A lokacin hunturu a ajiye ta cikin jaka mai zif, a goge madubin da busasshen ƙyalle mai laushi irin na tabaran ido, ban da ruwa, ban da sinadarin wanke hannu.

Yanzu maganar aljihu. Quest 3S ya fito a Oktoba 2024 a kan dala 300, Quest 3 a Oktoba 2023 a kan dala 500, PlayStation VR2 a Fabrairu 2023 a kan dala 550, shi kuma ba ya aiki sai an jona shi da PS5 ko kwamfuta. Yawancin wasannin da muka ambata tsakanin dala 20 ne zuwa 40. Da canjin yau wannan ba kuɗin gwaji ba ne, amma akwai ƙofar da mutane ba sa amfani da ita. Kantin Meta da na Steam, inda ake sayen wasannin kwamfuta, duka suna maido da kuɗi in an nema cikin kwana 14 da saye kuma ba a buga wasan ya kai awa biyu ba. Kantin PlayStation ya fi tsauri, da zarar ka fara saukewa ƙofar ta rufe. Ga yadda za a ci moriyar awa biyun: a saya ɗaya, kada a haɗa uku. Rana ta farko a yi minti 20, a daidaita saiti, a ga yadda ciki ya ɗauka. Rana ta biyu minti 40. Rana ta uku kada a taɓa shi, a lura ko zuciya tana komawa can da kanta, ko kana kan keke-napep kana tunanin yadda za ka buɗe ƙofar nan da ta gagare ka. In babu wannan, a nemi kuɗi. A riƙa duba agogo, don lokacin da aka ɓata a saiti ma ana ƙirga shi. Datar da aka ƙona wajen saukewa dai ba ta dawowa, saboda haka a duba girman wasa a shafinsa kafin a danna, a kuma bari sai an sami garaɓasar dare. Da yawa daga wasannin mutum ɗaya, in an gama sauke su, suna aiki babu intanet.

Mai sayen na hannu ya kula da zancen "akwai gem ashirin a ciki". Wasanni a asusun mai su suke, ba a jikin na'ura ba. Ranar da aka goge ta aka sa sabon asusu, sun tafi, in kuma aka bar asusun tsohon mai ita, ranar da ya canza kalmar sirri an zama baƙo a na'urar da aka biya. Waɗanda aka cusa ta bayan fage kuma sukan daina buɗewa bayan na'urar ta sabunta kanta. A yi ciniki a kan na'urar kaɗai. A sa a kunna ta, a buɗe farin shafi a nemi tabon rana, a duba ƙarcewar madubi, a saki sandar rimot a ga ko hoto yana tafiya da kansa, a tabbatar rimot biyu ne, don sayen guda ɗaya daga baya wahala ne.

Iyaye su sani Meta ta sa shekara 13 don asusun kai, 10 zuwa 12 sai da asusun da iyaye ke kula da shi, Sony mai PlayStation kuma ta ce nata ba na 'yan ƙasa da 12 ba ne. Wasannin kyauta masu taron jama'a su ne suka fi buƙatar sa ido, don yaro yana magana da baki da mutanen da ba a sani ba.

Masu gidajen gem kuma, don Allah a daina sa wa kowane sabon zuwa jirgin lilo mai gudu ko wasan matattu don 'yan kallo su yi dariya, kwastoman da ya fita yana layi ba ya dawowa. Wasanni huɗu sun isa a fara: ɗaya na ƙulli, ɗaya na labari a zaune, ɗaya na yawon gani, ɗaya na taro. A tambayi mutum wane gem ya fi bugawa da ko mota tana sa shi amai, sannan a zaɓa masa. A sayi murfin roba na sashen da ke taɓa fuska, a goge shi bayan kowane mutum, don soson da ke zuwa da na'urar yana shan zufa. Lokacin da ciwon ido na Apolo ke yawo a gari kuma, duk wanda ya zo da jan ido a ba shi haƙuri ya dawo in ya warke.

Mun gode da filin da kuka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu ma'abota wasannin kwamfuta,
Yelwa, Bauchi.